Barikin jirgi: amsa ga jikan mai waina

Wani yaro ɗan Layin Zomo ya aiko mini da tambaya ta hannun jikana. Ya ce kakarsa ta yi shekaru tana sayar da waina a bakin ƙofar filin jirgin Zariya, kuma har gobe ba ta kiran wurin da wani suna sai "barikin jirgi". Shi ne yake tambaya: "Baba, shin kwalejin nan ta Palladan sansanin sojan sama ce a da, daga baya aka bar wa farar hula? Kuma ku da ba ku tuƙi, wane aiki kuke yi a ciki, yaya zaman wurin yake? Na kusa gama sakandare, zuciyata tana wajen jirgi."

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Kwalejin, wato ta koyon harkar jiragen sama da ke filin jirgin Zariya, ba ta taɓa zama ta soja ba. An kafa ta a 1964 da dokar majalisa, a matsayin cibiyar horar da ma'aikatan jiragen farar hula, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma ICAO, hukumar da ke tsara harkar jiragen sama a duniya. Haɗin gwiwar ya ƙare a ƙarshen 1974, gwamnati ta riƙe ta ita kaɗai. Amma kakarka ba ta yi shirme ba. Zariya garin soja ne. Ga Daffo inda ake horar da kurata tun 1924, ga makarantar yara ta soja da aka buɗe a 1954, ga barikin Basawa a bayan unguwarku. Mutumin da ya taso a irin wannan gari, in ya ga shinge da ƙofa da mai gadi, ya ga samari sanye da farar riga da anini a kafaɗa suna tafiya da ƙafa ɗaya, me zai ce in ba bariki ba? Sannan da yawa cikin mu da muka riƙe sifana a wurin, daga kaki muka fito, da ɗabi'un kaki muka shigo. Ni kaina na yi shekara 12 ina sojan sama a Kaduna kafin na dawo gida na kama aiki a filin nan har na yi ritaya.

Filin da ya yi zaman sansanin yaƙi na sosai, wanda yau fasinja da alhazai ke tashi daga cikinsa, shi ne na Kano, kuma labarinsa a bakin mahaifina na fara ji. Lokacin yaƙin Hitila, hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, ga shi tana bukatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka riƙa ɗauko su a akwatuna cikin jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, su taso su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake ce wa Njamena, su ratsa Sudan zuwa Hartum, sannan su bi kogin Nilu har Alkahira. An fara wannan jigila a watan Satumba na 1940, kuma jirage fiye da 5,000 ne suka bi hanyar. Ƙananan jiragen Hurricane sukan taso a ayari, wani babba mai suna Blenheim yana gaba yana yi musu jagora, kamar madugu da fatake. Mahaifina yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya samu aikin lebura a filin. Aikinsa mirgina gangunan mai da share fili. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne farin fentin da ake shafa wa bayan jiragen da wutsiyarsu. Ya tambayi wani tafinta, aka ce masa don in jirgi ya faɗi a daji ko a rairayi a hango shi daga sama. Ya ce tun daga ranar, in ya ga yaran Turawan nan suna hawa, waɗansu ko gemu ba su fara ba, sai ya ji tausayinsu, don ya gane an riga an yi musu shirin ɓata tun ba su tashi ba. Kuma ya ce akwai wani sajan Bature da ba ya barin a zuba mai sai an tace shi ta cikin fata, ko da ana sauri, ko da ayari na jira. A lokacin yana ganin ƙa'ida ce kawai ta Nasara. Sai da na fara aiki na dawo na gaya masa ruwa da ƙura ake tarewa.

Rundunar sojan saman Najeriya tsarar kwalejin Zariya ce, ita ma a 1964 aka kafa ta, kuma Jamusawa ne suka raine ta. Shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Lokacin da na shiga, Jamusawan sun daɗe da tafiya, yaƙin basasa ya ƙare, amma jiragensu irin Dornier suna nan, kuma an fara kawo wani ƙaramin jirgin koyo daga Birtaniya mai suna Bulldog. A kansa na koyi aiki, a sansanin da ke wajen Mando, zamanin da jiragen fasinja ma nan suke sauka kafin a gina sabon fili.

Zaman bariki ba shi da wani asiri. Begila ta tashe ka tun da duhu, a yi fareti, a duba aski da guga da takalmi, kowa ya nufi sashensa. Ɗakuna a jere, bango ɗaya ya raba ka da Batibi ko Bayarabe ko ɗan Kalaba, matanku na aron gishiri, 'ya'yanku na tashi da Hausar bariki da Turancin buroka a baki ɗaya. Da yamma a gangara kasuwar mami. Shekarar ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji kuwa, babu ƙofar da ba ka ganin sabon keke ko babur ko rediyo mai kaset. Da azumi abokan aikinmu Kirista sukan karɓi aikin tsakar rana a kan kwalta su bar mana na cikin inuwa, mu kuma mu riƙe musu gadin Kirsimeti, ba wanda ya rubuta wannan a takarda. Duk wannan kowane tsohon soja zai ba ka labarinsa. Abin da ya bambanta mu da sojan ƙasa yana cikin hanga, wato babbar rumfar da ake gyaran jirage.

A jikin bangon hanga akwai allo, kowace sifana da filaya da sukudireba an zana inuwarta da fenti a inda take rataye. Kafin a fara aiki a ƙirga, in an gama a ƙirga, kafin jirgi ya tashi a sake dubawa. In ka ga inuwa babu ƙarfenta, to aiki ya tsaya. Ina cikin shekarata ta biyu, wata ranar Alhamis da hantsi, aka ga inuwar wata 'yar ƙaramar sifana a fili, kuma ni na sa hannu na ɗauke ta da safe. Jirage huɗu na layi, ɗalibai sun riga sun sa hula. Samanjanmu bai ɗaga murya ba. Ya ce a kashe komai, babu jirgin da zai motsa. Muka buɗe murfin injin duk jirgin da na taɓa, muka ɗaga kujeru, muka cire faifan ƙasa, muna leƙawa da tocila da ɗan madubi mai sanda. Zufa tana bin bayana, ba ta zafi ba. Sai bayan azahar muka same ta, ta zame ta kwanta a ƙarƙashin ƙafar matuƙi, dab da wayar da ke juya wutsiya. Da jirgin ya tashi ya karkata, tana iya shiga ta cije wayar. Samanja ya ɗauko ta, ya kira ɗalibin da zai tuƙa jirgin, yaro ne kamar kai, ya tsayar da shi a gabana ya ce in dube shi da kyau. Ya ce, "Wannan yana da uwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na yi kwanakin horona, ban ji zafinsu ba, amma fuskar yaron nan na tare da ni har yau, kuma ina yi wa samanjan addu'a duk da ba addininmu ɗaya ba.

Da wannan tarbiyya na zo Zariya, na tarar a nan ma ita ce ke riƙe da wurin, sai dai babu fareti babu gadirum. Abin da ya maye gurbinsu shi ne lasisi. Injiniyan jirgi na farar hula yana da lasisi da lambarsa, kuma babu jirgin da zai tashi sai wani mai lasisi ya rubuta a littafin jirgin cewa ya duba, lafiya lau ne, ya sa hannu. In aiki ya shafi wayoyin da ke sarrafa fukafukai da wutsiya, hannu ɗaya bai isa ba, sai mutum na biyu ya zo ya duba daga farko kamar ba a yi ba, shi ma ya sa nasa. Matuƙi komai girmansa ba ya iya tilasta maka. Na sha ce wa kyaftin, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai tashi yau ba," ya ɓata rai ya tafi, gobe ya dawo mu gaisa. Mu a wurinmu karin maganar nan ta da muguwar rawa gwamma ƙin tashi ba ta bukatar fassara.

Ranar aiki kan fara ne bayan asuba. Dalilin sammakon shi ne iska. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, kuma da rana ta take a watan Maris ko Afrilu iska takan yi sako-sako, inji ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa abin kamawa, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Ga kuma zafin da ke tasowa daga ƙasa yana girgiza ƙaramin jirgi kamar akwala a hanyar ƙauye. Ɗalibin da ke koyon sauka yana son iskar safe mai sanyi, mai nauyi, wadda ba ta da hayaniya. Don haka mu sai mu riga kowa. Mu jera kafaɗa da kafaɗa mu taka farfajiyar jirage a hankali, ido a ƙasa, muna tsince tsakuwa da guntun waya da noti da murfin kwalba, domin farfela tana zuƙo su ta fasa bakinta, ko ta harba su jikin wani jirgin.

Daga nan sai mai. Ƙananan jiragen da muka yi aiki a kansu, Cessna da Tampico ɗan Faransa da Baron mai inji biyu, suna shan wani fetur na musamman da ake rina shi shuɗi don kada a haɗa shi da kananzir ɗin manyan jirage. Tankin da ya kwana rabi, sanyin dare kan sa iskar cikinsa ta yi raɓa, raɓar ta gangara ƙasa tunda ruwa ya fi mai nauyi. Shi ya sa muke cika tankuna da yamma, da safe kuma mu tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki a cikin ɗan kofin gilashi, mu ɗaga shi saitin hasken gabas. In akwai ruwa za ka gan shi a gindin kofin, ɗan dunƙule fari kamar ƙwayar tasbaha, yana mirginawa a ƙarƙashin shuɗin. Ka zubar, ka sake tsiyaya, har sai ya fito tas. Wannan ɗigon da bai cika cokali ba yana iya kashe inji a daidai lokacin da jirgi ya bar ƙasa, ga gidajen Palladan a gaba. Kowace safiya in na ɗaga kofin nan sai na tuna mahaifina da fatar tace mai.

Injin irin waɗannan jirage bai fi na mota wuyar ganewa ba, sai dai an yi shi da tsoron Allah, in ji wani malaminmu. Na Tampico misali, silinda huɗu, amma filogi takwas, biyu a kowace, kuma wutarsu ba daga batir take zuwa ba, daga wasu na'urori biyu ne da ake kira magneto, kowace da layinta, ta yadda in ɗaya ta mutu ɗaya za ta riƙe. Kafin tashi matuƙi zai tsaya a gefen titi ya ba inji wuta, ya kashe ɗaya ya saurara, ya kashe ɗayar ya saurara. Mu daga hanga muna jin wannan gwajin, kuma kunnen da ya saba yana gane filogin da ya yi datti tun kafin ɗalibi ya juyo. Man nan yana da dalma a ciki, ita ce ke taruwa a filogin ƙasa, sai ka zauna da ɗan tsinke kana ƙwaƙule ta ƙwaya-ƙwaya. Kuma saboda magneto ba ta jiran batir, farfela tana iya tashi ko da makulli na aljihunka, in wata waya ta tsinke ba a sani ba. Darasin farko da muke ba sabon yaro ke nan: farfela ba ta da ranar hutu, kada ka jingina da ita, kada ka ratsa ta gabanta. Bayan awa 50 na tashi a duba jirgi a canza baƙin mai, bayan awa 100 a buɗe shi sosai. Duk notin da ke da muhimmanci sai an ɗaure shi da siririyar waya, a murɗa ta ta ɓangaren da za ta riƙa jan sa wajen ɗaurewa. Yatsuna har yau suna da tabon bakin wayar nan.

Amma in ka tambaye ni babban abokin gabarmu a Zariya, ba ƙarfe ba ne. Zanzaro ne. A ƙarƙashin fiffike akwai wani siririn bututu mai fuskantar gaba, iskar da ke shiga cikinsa ita ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. Ramin bai fi tsinken alkalami faɗi ba, kuma zanzaro bai taɓa ganin gida mai kyau irinsa ba. Cikin wuni ɗaya zai ɗebo laka ya toshe shi. Don haka da jirgi ya tsaya sai a sa wa bututun hula mai jan ƙyalle, kafin tashi a cire. Wata rana da damina iskar hadari ta fizge hular wani jirgi da dare. Da safe na durƙusa na leƙa da tocila, sai ga jar laka ɗanya shar, an shafe bakin ramin sumul kamar aikin magini, maginin kuma yana shawagi a kaina yana jiran in matsa. Wanda bai sani ba zai ce wannan ai abin dariya ne. A 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan ya tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano ɗaya daga cikin bututun nan ne ya toshe bayan jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye, kuma zarginsu mafi ƙarfi ya faɗa kan irin wannan ƙwaro. Na yanke labarin daga wata mujallar aiki na manna a bangon hanga, ya yi shekaru a wurin har ya koma ruwan ƙasa.

Bayan zanzaro sai tsuntsaye. In an yanke ciyawa balbela ta sauko, in an ƙona daji da kaka shirwa ta cika sama tana cafkar fara, ungulu kuma tana can tana kewaya a tsayin da ɗalibai ke zagaye. Sai awaki da ke neman ɓaraka a shinge, da yara masu yanke hanya. Hadarin Zariya kuwa daga gabas yake tasowa, kuma ba ya sallama. Kana ganin gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, to ka bar abin da kake yi. Duk wanda ke kusa, injiniya da masinja da ɗalibi, a ruga a tura waɗanda za su shiga hanga, sauran a ɗaure su da igiya a ƙugiyoyin ƙasa, a sa weji a tayoyi, a kulle sitiyari. Ƙaramin jirgi bai fi ƙaramar mota nauyi ba, ga fukafukai, iska tana iya kifar da shi yana tsaye.

Ka taɓa lura titin jirgin Zariya da na Kaduna da na Kano duk kwanciya ɗaya suka yi, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma? Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, kuma iskar ƙasarmu biyu ce: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Ta hunturun ita ce mai kawo hazo, ƙurar da yawancinta ke tasowa daga wani tsohon gindin tafki da ya ƙafe a arewacin Chadi. Sabon ɗalibi da ido yake tuƙi. Yana neman dutsen Kufena, da dogon benen jami'a a Samaru, da layin dogo, da kogin Galma, da rimayen cikin birni, da su yake sanin inda yake. In hazo ya sauka duk sai su ɓace. Ma'aunimmu na farko, tun kafin ofishin yanayi ya aiko da takarda, shi ne mu fito mu dubi Kufena. In ba ta, to yau ba tashi. Akan yi mako guda haka, ɗalibai na zaune jugum, kwas ɗinsu na ƙara tsawo, mu kuma muna wanke matatar iska muna share ƙurar da ta shiga ko'ina.

Ranar da ba na mantawa ta hazo ce. Wani ɗalibi ya tashi shi kaɗai zuwa tafiyar nesa da safe gari garau, kafin azahar hazo ya rufo. Lokacin dawowarsa ya yi, ya wuce. Ni na sa hannu a jirgin. Ka'ida ce in jirgi ya yi hatsari a kulle littattafansa, a ɗebi samfurin man da ya sha, kowa ya san haka, don haka ba wanda ya ce mini komai, amma na ga yadda ake kauce wa idona. Na tsaya a inda jirgin ya tashi, wejinsa biyu na ajiye a kan kwalta, ina bin aikin safiyar nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata: na ɗaure murfin mai? na mayar da waya? na ƙirga filogi? Na san na yi, amma a irin wannan lokaci sani ba ya kwantar da hankali. Can sai wani ya leƙo daga hasumiya yana ɗaga hannu biyu. Yaron ya ga ba zai iya gane gida ba, ya yi abin da aka koya masa, ya juya ya sauka a wani filin lafiya. Na shiga bayan hanga na yi sujada a kan tsakuwa.

Akwai kuma ranakun daɗi, kuma sun fi yawa. Babu kamar ranar da ɗalibi zai fara tashi shi kaɗai. Ba a gaya masa tun da wuri. Suna cikin zagaye da malaminsa, su sauka su tashi, su sauka su tashi, sai kawai ka ga jirgi ya tsaya, malam ya fito ya rufe ƙofa ya juya baya. Nan take hanga ta yi tsit, kowa ya ajiye abin hannunsa ya fito. Malamin yana tsaye kamar bai damu ba, amma dubi hannunsa. Jirgin ya ɗaga da wuri tunda nauyin mutum ɗaya ya ragu, ya zagayo, ya daidaita, taya ta taɓa kwalta. Abokansa na jiransa da bokitan ruwa, su jiƙa shi sharkaf. Waɗanda suka san ya kamata, bayan sun bushe sukan zo hanga su miƙa mana hannu. A filin nan Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, mace ta farko 'yar Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta zauna ta koyar, har ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014. Kuma ba 'yan Najeriya kaɗai ba, ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka sun sha ruwan Zariya, sun ci wainar bakin ƙofa.

Game da kai kuwa, ɗana, kuɗin koyon tuƙi yana da nauyi ƙwarai, yawanci sai da tallafin gwamnatin jiha ko na wani kamfani, kuma akwai gwajin lafiya mai tsanani, musamman ido. Ka nema, kada ka karaya tun ba ka gwada ba. Amma ka sani tuƙi makaranta ɗaya ce cikin makarantun da ke bayan shingen nan. Akwai ta injiniyoyin gyaran jirgi, akwai ta masu ba jirage hanya daga hasumiya, akwai ta masu kula da rediyo da na'urorin da ke yi wa jirgi jagora. Dukansu suna son lissafi da fizis da Turanci, don da Turanci ake magana da jirgi a duk duniya, da shi aka rubuta littattafan gyara, kuma ba a gyara da ka, sai littafi na buɗe a gabanka ko da ka yi aikin sau ɗari. Jiragen ma sun canza. Yanzu akwai Diamond na ƙasar Ostiriya, masu shan kananzir ɗin jirgi maimakon shuɗin fetur ɗin da ke wuyar samu, injinsu kwamfuta ke sarrafa shi, gabansu allon gilashi ne a madadin agogunan da muka sani. Yaron da zai gyara su sai ya iya kwamfuta kamar yadda ya iya sifana.

In kana son ka gwada kanka kafin lokacin, je ka wurin bakaniken unguwarku a hutun nan ka ce zai koya maka. Ka lura da abu ɗaya: in ka ɓata wani abu ba wanda ya gani, bakinka na iya faɗa? Mun sha sallamar yara masu kaifin ƙwaƙwalwa saboda wannan, mun riƙe masu jinkirin ganewa da ke zuwa su ce, "Oga, na ɗaure notin nan fiye da kima, ina jin ya ji ciwo."

Ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar, jikana zai kawo ka. Ina da tsofaffin littattafan darasina da kofin gilashin nan na gwada mai, zan nuna maka yadda ruwa ke kwanciya a ƙasa. Kuma ka gaishe mini da kakarka da kyau. Ka tambaye ta ko ita ce mai zama a gindin dalbejiya ta hannun hagu in za ka shiga, wadda ke ajiye mana ta ƙasan tanda mai ƙone-ƙone in mun makara a layi.